Yabo, Habaici da Marsiyya: Tarken Hoton Uba a Fitattun Finafinan Wasanni, 2016 zuwa 2023

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya saba kallon finafinan wasanni ya san hanyar da suka fi bi. Za a nuno mana wani talaka mai baiwa wanda ba a san da zamansa ba, a haɗa shi da tsohon mai horarwa da duniya ta juya wa baya, a sha wuyar atisaye, a faɗi sau ɗaya ko biyu, sa'an nan a zo karon ƙarshe inda tauraro zai yi galaba ana gab da tashi. Wannan zubi ya daɗe, kuma har gobe yana da kasuwa. Saboda haka idan aka ce a fitar da zakaru a cikin finafinan 'yan shekarun nan, lissafa waɗanda suka fi tara kuɗi ko lambobin yabo ba zai wadatar ba. Tilas a nemi abin da suka ƙara a kan tsohon zubin.

Abin da muka lura da shi shi ne, mafi armashinsu sun ɗauke ƙafa daga fage sun shiga gida, kuma mutumin da suka tarar a tsakar gidan shi ne uba. Wannan maƙala za ta dubi finafinai huɗu da aka gina a kan labarin gaskiya: *Dangal* (2016) daga Indiya, da *King Richard* (2021), da *The Iron Claw* (2023), da *Rise* (2022), ukun nan daga Amurka. Mun ajiye wasu da suka cancanci nazari, kamar *Creed* (2015) wanda uban tauraronsa ya mutu tun kafin a haife shi, da *I, Tonya* (2017) inda uwa ce ke riƙe da bulala, da *Diego Maradona* (2019) na Asif Kapadia wanda aka harhaɗa da hotunan ainihi. Tambayar da za mu bi ɗaya ce: idan uba ya rubuta burinsa a jikin ɗansa, wa ke da nasarar, wa kuma ya biya kuɗinta?

2.0 Ma'aunin da Muka Ɗauka

Fim ɗin da aka gina a kan rayuwar sanannen ɗan wasa yana da wata matsala da ƙagaggen labari ba shi da ita, wato mai kallo ya riga ya san ƙarshe. Kafin a kashe fitila mun san cewa Serena Williams ta ci manyan kofunan tanis 23, yayarta Venus ta ci 7. Wannan sani yakan wanke uba tun ba a gurfanar da shi ba, ta yadda duk tsananin da ya yi sai ya koma hangen nesa, duk taurin kansa ya zama jajircewa. Dubban yaran da aka yi wa horo irin wannan suka karye a hanya kuwa, ba kasafai ake tunawa da su ba, balle a yi fim a kansu. Ma'auninmu ke nan: shin fim ya bar wa mai kallo sararin yi wa uban hukunci, ko kuwa ya rufe masa baki da lambar zinare?

Domin sauƙaƙa bayani za mu ari kalmomin da muka saba da su a nazarin waƙar baka. Makaɗin fada ko makaɗin maza yana da ubangida. Ubangida shi ke samun yabo da zuga, abokin hamayyarsa ya sha zambo, idan kuma akwai wata gaskiya mai ɗaci da ba ta faɗuwa kai tsaye sai a saka ta cikin habaici. Ba wanda ya taɓa zuwa wurin Ɗan Anace yana neman jerin kurakuran Shago, domin ba aikin da ya ɗauka ba ke nan. To, fim ma yana da ubangida. Venus da Serena suna cikin masu ɗaukar nauyin *King Richard*, Giannis Antetokounmpo yana cikin na *Rise*, Aamir Khan da ya fito a matsayin uba a *Dangal* kamfaninsa na cikin waɗanda suka shirya shi. Wannan ba aibi ba ne a kan kansa, sai dai ya kamata mai tarke ya san a zauren wa ake kiɗan.

3.0 *Dangal*: Yabo da Zambo

Fim ɗin Nitesh Tiwari ba baƙo ba ne ga Bahaushen mai kallo, wanda ya saba da finafinan Indiya tun zamanin gidajen sinima, kuma ba sai an yi masa tafintan kokawa ba. Mahavir Singh Phogat, mutumin ƙauyen Balali a jihar Haryana, ya bar kokawa domin neman abin sakawa a baka, ya ɗora burinsa na ciyo wa ƙasarsa zinare a kan ɗa namijin da zai haifa. Sai aka ba shi mata huɗu a jere. Ranar da manyan biyun, Geeta da Babita, suka lallasa wasu yara maza da suka tsokane su, ranar ya gane cewa magadan da yake nema suna cikin gidansa.

Rabin farko na fim ɗin shi ne mafi ƙarfi, domin a nan ne aka nuna horon da idon yaran. Tashin ƙarfe 5 na asuba, gudu a gonaki, hana su kayan kwaɗayi, dariyar mutanen gari, har zuwa fitowar da ya sa wanzami ya datse musu gashi suna kuka suna roƙo. Kamara ta daɗe a kan fuskar Geeta a wannan wuri, kuma duk mai kallo na gaskiya zai ji cewa an yi wa yarinyar nan fin ƙarfi. Amma nan da nan aka kai mu gidan biki, inda amarya 'yar shekara 14 ta shaida musu cewa da ma ita ce ke da uba irin nasu, wanda ya ɗauke su a bakin wani abu. Daga wannan dare yaran suka miƙa wuya. Fitowar tana da taɓa zuciya, tana kuma da gaskiya game da halin 'ya'ya mata a wannan yanki, sai dai zaɓin da aka gabatar musu biyu ne kacal, auren wuri ko burin uba, kuma babu wanda ya fito daga bakinsu.

Ƙololuwar fim ɗin a wurinmu ita ce kokawar da aka yi tsakanin uba da 'ya a turɓayar fagen ƙauye, bayan Geeta ta dawo daga makarantar horar da 'yan wasa ta Patiala da sababbin dabaru da dogon gashi. Ta kayar da shi, kuma abin da ya kayar da shi tsufa ne. Babu doguwar magana, numfashi ne kawai da kallon kallo. Da an bi wannan zare, da an sami babban labari a kan ranar da ɗa ke wuce ubansa. Maimakon haka sai aka hukunta ta: ta yi ta shan kaye a ƙasashen waje har sai da ta bugo waya tana kuka, ta sake yanke gashinta, ta koma ƙarƙashin umarninsa.

Zambon kuwa kocin ƙasa ne ya sha shi. An mai da shi mahassadi, har aka nuna ya sa an kulle Mahavir a wani ɗaki ranar karon ƙarshe na wasannin ƙasashe rainon Ingila da aka yi a Delhi a 2010. Wannan kullewa ƙage ce, kuma kocin ainihi ya fito ya koka da yadda aka siffanta shi. Hatta karon da aka nuna an ci da ƙyar a daƙiƙar ƙarshe, Geeta ta ainihi ta ci shi ba tare da wannan jan rai ba. Abin lura shi ne, ko a lokacin da aka raba ta da uban domin ta tsaya da ƙafarta, muryarsa ce ta faɗo mata a rai. *Dangal* gwanin fim ne wajen tsara kokawa da riƙe mai kallo, ya kuma yi kasuwar da fim ɗin Indiya bai taɓa yi ba kafinsa, kaso mafi tsoka daga ƙasar Sin. Amma waƙar yabo ce, kuma ubangidanta bai taɓa yin kuskuren da ba a mayar masa da shi daidai ba.

4.0 *King Richard*: Yabo Mai Habaici

Reinaldo Marcus Green ya ɗauki uban da ya fi Mahavir wuyar sha'ani. Richard Williams, mai gadin dare a unguwar Compton ta jihar Kalifoniya, ya rubuta tsari mai shafi 78 na yadda 'ya'yansa za su mallaki duniyar tanis tun kafin a haife su. Will Smith ya fito da shi da ɗan doro da gajeren wando da bakin da ba ya gajiya, aikin da ya ba shi lambar Oscar a 2022. An nuna shi yana shan duka a hannun 'yan daba domin kare 'ya'yansa, yana bin attajiran kulob-kulob na Turawa da takardarsa suna yi masa kallon mahaukaci. Wariyar launin fata a nan ita ce abokiyar hamayya, don haka fim ɗin bai bukaci ƙago mugun koci ba.

Inda ya ɗara *Dangal* shi ne ya ba habaici wuri, ya kuma sa shi a bakin uwa. Oracene, wadda Aunjanue Ellis ta fito a madadinta, ita ce ta tsawata masa ranar da ya ja mota ya bar yaran a kanti wai domin sun yi alfahari da kofi. Ita ce ta ci gaba da horar da Serena a lokacin da aka sami kocin da ya yarda ya ɗauki Venus kaɗai. A fitowar ɗakin girki, wadda muke ganin ita ce zuciyar fim ɗin, ta tuna masa da 'ya'yan da ya haifa a baya ya watsar, da sana'o'in da ya fara ya bari, ta kuma nuna masa cewa tsoron kunyarsa yake ɓoyewa a bayan kare yarinya. Minti kaɗan ne, amma sun isa su sa mai kallo ya sake auna duk abin da ya gabata.

Har ila yau akwai wani juyi mai ban sha'awa. Wannan uba, saɓanin sauran, laifin da ake tuhumarsa da shi shi ne hana 'yarsa shiga gasa. Ya cire Venus daga gasannin yara alhali ba a taɓa cinye ta ba, ya ce sai ta yi karatu ta yi ƙuruciya, yana nuni da abin da ya sami Jennifer Capriati wadda aka tura fagen manya tana ƙarama. Rikicin ƙarshe shi ne ko zai bar yarinyar ta yanke wa kanta shawara, kuma ya bari. Da wakilin kamfanin takalma ya zo da tayin miliyoyin daloli, ita aka juya aka tambaya, ita ta ce a'a. Sa'an nan aka rufe fim da wasan Oakland na 1994, inda Venus mai shekara 14 ta ci zagayen farko a kan Arantxa Sánchez Vicario, daga bisani ta sha kaye. Rufewa da faɗuwa ya ba mu damar ganin abin da uba zai ce wa 'yarsa a ɗakin sauya tufafi ranar da tsarinsa bai ci ba. Duk da haka habaicin bai wuce iyakar da gida ya yarda ba; an ambaci 'ya'yan farko, ba a nuna mana fuskar ko ɗaya ba.

5.0 *The Iron Claw*: Marsiyya

Sean Durkin, wanda ya rubuta ya kuma ba da umarni, ya sami 'yancin da sauran ba su samu ba, domin uban da yake magana a kansa, Fritz Von Erich, ya rasu tun 1997. Fagen shi ne kokawar nishaɗi ta Amurka a jihar Texas, irin wadda ake tsara wanda zai ci tun kafin a shiga zobe. Wannan ya rushe tsohon zubin daga tushe. Babu batun ƙwazo ya kai mutum ga nasara, tunda kambu kyauta ce da masu harkar ke ba wanda suka ga dama, kuma a wannan gida mai harkar shi ne uba. Sakamako na wasa ne, amma karaya da ƙwayoyin kashe zafi da jinin da ake zubarwa na gaske ne. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Tun a teburin karin kumallo Fritz ya jera 'ya'yansa daga wanda ya fi so zuwa na ƙarshe, ya ƙara da cewa jerin yana iya sauyawa. Holt McCallany bai yi wannan fitowa da tsawa ba, ya yi ta ne da sakin fuska, kamar mai karanta farashin kaya, abin da ya sa ta fi ban tsoro. Daga nan sai mutuwa ta shiga gidan. David ya rasu a Japan a 1984. A wurin jana'iza uban ya hana kuka, ya hana sa baƙin tabarau, kuma ba a jima ba ya jefa kwabo sama domin zaɓen wanda zai maye gurbin mamacin a karon neman kambun duniya. Kerry ya ci kambun a hannun Ric Flair, ya rasa ƙafa a haɗarin babur. Mike, wanda kiɗa ne a ransa, aka tura shi zobe ya ji rauni a kafaɗa, ciwon ya taɓa masa ƙwaƙwalwa. Mike ya kashe kansa a 1987, Kerry a 1993. Mutanen gari suna cewa la'ana ce ke bin sunan gidan. Fim ɗin bai yi gardama da su ba, ya dai ajiye kamara a kan uban har mai kallo ya gane da kansa.

Zac Efron, a matsayin Kevin, ɗan da ya rage, ya gina jiki har ya zama abin tausayi, tsoka a kan tsoka a jikin mutumin da bai iya faɗin abin da ke damunsa ba. A fitowar ƙarshe yana zaune a ciyawa yana kallon 'ya'yansa maza biyu suna wasa, hawaye ya zubo masa, ya ba su haƙuri domin an koya masa namiji ba ya kuka, su kuma suka ce masa kowa ma yana yi. Nasarar da fim ɗin ya tanada ke nan, wato mutum ya fita daga gadon da ke kashe 'yan'uwansa.

Aibinsa shi ma ba ƙarami ba ne. Akwai wani ɗa, Chris, wanda ya kashe kansa a 1991, amma aka share shi daga labarin ɗungurungum, bisa hujjar cewa masifar za ta yi wa fim yawa. Marsiyyar da ta tsallake ɗaya daga cikin mamatan gida tana da bashi a wuyanta. Haka nan fitowar da aka nuna 'yan'uwan suna haɗuwa a bakin ruwa bayan mutuwa ta sassauta abin da bai kamata a sassauta ba.

6.0 *Rise*: Waƙar Godiya

Wannan ya fi kusa da mu, domin Akin Omotoso ɗan Nijeriya ne, haka ma iyalin da ya ba da labarinsu. Charles da Veronica Adetokunbo sun bar Legas a farkon shekarun 1990, suka bar ɗansu na fari Francis a hannun kakanni, suka zauna a unguwar Sepolia ta birnin Atina ba su da takardun zama. 'Ya'yan da suka haifa a can sun tashi ba su da shaidar zama 'yan Girka, suna tallar tabarau da agoguna a titi, suna gudun 'yan sanda. Giannis da wansa Thanasis takalmin wasa ɗaya suke karɓa-karɓa. Sai a 2013 Giannis ya sami takardar zama ɗan ƙasa, inda rubutun Girkanci ya mai da sunan gidan Antetokounmpo, a shekarar kuma ƙungiyar Milwaukee Bucks ta ɗauke shi a matsayi na 15.

Uban da Dayo Okeniyi ya fito da shi ya bambanta da ukun farko. Tsohon ɗan ƙwallon ƙafa ne wanda bai san ƙwallon kwando ba, bai rubuta wa kowa tsari ba, tsoronsa ma shi ne kada shaharar yaran ta jawo hankalin hukuma a kore su duka. Yaran ne suka zaɓi wasan, shi ya bi su da addu'a da guminsa. Ta wannan fuska *Rise* ya amsa tambayarmu cikin sauƙi, nasarar ta yaran ce. Sai dai sauƙin ya yi yawa. Kamfanin Disney ya goge kowane gefe mai kaifi, babu wanda ya yi kuskure a gidan, kuma ciwon barin ɗa a Legas shekara da shekaru, wanda shi kaɗai ya isa fim, an taɓa shi ne sama-sama. Charles ya rasu a 2017, bai ga kofin da ɗansa ya ɗaga a 2021 ba, saboda haka ana iya fahimtar dalilin da ya sa 'ya'yansa suka so a yi masa waƙar godiya. Mun ji daɗinta, amma ba ta bar mana abin tattaunawa bayan an kunna fitila ba.

7.0 Kammalawa

Idan muka ɗora finafinan nan a kan ma'aunin da muka ɗauka, *The Iron Claw* ne a gaba, domin shi kaɗai ya ƙirga kuɗin da aka biya ba tare da ya kawo kofi ya rufe lissafin ba, ko da yake shi ma ya rage mamaci ɗaya. *King Richard* na biye, albarkacin muryar uwa da kuma ƙarfin halin rufewa da faɗuwa. *Dangal* ya fi su duka iya nuna wasan kansa, har wanda bai san dokokin kokawar zamani ba zai fita ya san yadda ake ba da maki, amma ya ji tsoron tambayar da shi da kansa ya tayar. *Rise* ya zo na huɗu, da kyakkyawar zuciya da ƙarancin rikici.

Hausawa sun ce kyan ɗa ya gaji ubansa, sun kuma ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ukun farko daga cikin finafinan nan gwaji ne na waɗannan maganganu a jikin mutane masu rai, kuma sakamakon bai zo iri ɗaya ba: an tanƙwara Geeta ta ci zinare, an tanƙwara Mike Von Erich ya karye. Da yawa daga cikin ɗalibanmu suna karanta fannin da aka zaɓa musu ne a gida, wasunsu kuma suna rubuta gajerun labarai a kan haka. Muna ba su shawara su sake kallon kokawar Geeta da mahaifinta, da fitowar ɗakin girki a *King Richard*, da teburin karin kumallon Fritz, su lura da wanda aka ba magana a kowace fitowa da wanda aka bari yana sauraro.